Yadda na ɗaga Hilux ɗin Babanmu, da abin da ya biyo baya

1/ Tun jiya nake ganin hoton wata Hilux da aka ɗaga har sai mutum ya yi tsalle zai shiga. Jama'a sai yabo ake, wasu na tambayar nawa ake yi. Ku matso ku ji. Ni na taɓa ɗaga motar Babanmu, kuma ƙanina ne ya biya da kafaɗarsa. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Lere, jihar Kaduna. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu kilomita 17 ne na jar ƙasa. Da rani minti 40 ka isa. Da damina kuwa sai dai ka ce in sha Allahu, don ba mai iya faɗa maka lokacin isa.

3/ Motar 'yar 2008 ce, ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, mai oksilari, wato mai ja da ƙafa huɗu. A gwanjo Baba ya saye ta. Ita ke kawo taki, ita ke kwaso masara, ita ke kai amarya. Duk wanda ciwo ya kama da tsakar dare a garin nan, ƙofarmu ake bugawa.

4/ Baffa, ƙanin Baba, shi ke tuƙa ta. Ya fi shekara 20 yana jan babbar mota kafin ya dawo gida ya zauna. Ni kuma ina karatun injiniyan makanikai a Zariya, shi ya sa yake ce min Injiniya. Yadda yake jan sunan, kai ma ka san ba yabo ba ne.

5/ Daminar 2023, cikin Agusta, naƙuda ta kama Yayata wajen ƙarfe ɗaya na dare, abin ya zo da gardama. Ungozoma ta ce a yi asibiti da ita. Muka kwantar da ita a kujerar baya, Inna ta rungume kanta, ni ina gaba riƙe da tocila.

6/ Akwai wani wuri a hanyar da muke kira kwarin tsamiya. Taraktoci da manyan motoci sun haƙa ramuka biyu dogaye a inda taya ke bi, sun bar doro a tsakiya. Muna shiga sai muka ji ƙuuu. Mota ta hau doron nan ta zauna.

7/ Baffa ya sa oksilari, tayoyi na juyawa a banza suna watsa taɓo. Awa biyu da rabi muna haƙa da fartanya da hannu, ina jiyo nishin Yaya. Allah ya taimaka muka isa Saminaka bayan asuba, ta sauka lafiya. Amma daren nan bai fita daga raina ba.

8/ Ina komawa makaranta na faɗa YouTube. Bidiyon 'yan Ostireliya da 'yan Amurka, motoci sun ɗagu suna ratsa kogi suna hawa duwatsu. Na ce ashe ga maganin kwarin tsamiya. Mota ta zauna don ta yi ƙasa da yawa, a ƙara mata tsayi, magana ta ƙare.

9/ Ga wanda bai sani ba, ɗagawar iri uku ce. Akwai ɗaga bodi: a sa kushin tsakanin bodi da shasi, jikin ya hau, shasi na nan inda yake. Akwai ɗaga ƙafa da sababbin sifirin da shokazoba masu tsawo. Wannan shi ne na gaske, shi ne kuma mai tsada.

10/ Sai na ukun, na masu son araha. Ka bar tsofaffin sifirin ɗinka, ka cusa ƙarfe. A gaba a sa zobe mai kauri a saman shokazoba. A baya a sa bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin, a ɗaure da dogayen kusoshi masu siffar U. Ku canka wanne na zaɓa.

11/ Kayan ɗagawa da kamfanoni ke yi wa irin wannan motar, akasari inci 2 ne, milimita 50. Na gani da idona. Ban tsaya na tambayi me ya sa suka tsaya a nan ba. Cewa na yi hanyarmu ta fi tasu muni, inci 3 za mu yi. Ƙarin inci ɗaya tak, me zai ɓata?

12/ Wata uku ina yi wa Baba naci a waya. Ya ce in yi magana da Baffa. Baffa ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Injiniya, shi wanda ya ƙera ta bai san tsayi ba ne?" Na ce ai shi bai san hanyarmu ba. Ya yi dariya ya ci gaba da cin goronsa.

13/ Amma na san inda zan taɓa Baba. Na ce, "Baba, ka tuna daren Yaya?" Ya yi shiru. Washegari ya sa aka fitar da masara buhu 6 aka sayar. Har yau in na tuna yadda na ɗauko daren nan don kawai in ci gardama, wlh kunya ke kama ni.

14/ Mayun 2024 muka kai ta wani gareji a Kaduna. Mai walda ya yanka bulo biyu na inci 3, mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da zobba biyu na gaba. Ban ga laifinsu ba. Ni na zana, ni na rubuta awo, har da sa hannu a ƙasa kamar aikin aji.

15/ Zoben gaba milimita 40 na sa aka yi, don shokazoba ba a bakin taya take zaune ba, tana can ciki a kan hannun ƙafar. Abin da ka ƙara a kanta, kusan ninki biyu yake fitowa a taya. Wannan lissafin kam na ci shi, shi ya ƙara kumbura min kai.

16/ Ranar da muka shiga gari da ita yara suka biyo mu da gudu. Ta yi kyau fa, gaskiya ta yi kyau. Na sa hotonta a nan, wasunku ma sun yaba. Inna ce kaɗai ta yi ƙorafi, wai yanzu sai an kawo mata kujera 'yar tsuguno kafin ta hau.

17/ Agusta ta zagayo. Mun ɗauko taki, muka iso kwarin tsamiya, ramukan sun cika da ruwa. Na gyara zama na ce wa Baffa, "Shiga kawai." Ya kalle ni, ya shiga. Ƙuuu. A daidai inda ta zauna bara, nan ta sake zama.

18/ Baffa ya kashe mota ya ce, "Injiniya, sauko ka leƙa." Na durƙusa cikin taɓo na leƙa. Bodi na can sama, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Amma dunƙulen ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul na baya ya nutse cikin doron har wuya.

19/ Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Aksul na baya sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya, tulun giya na tsakiyarta. Sifirin a SAMANTA yake zaune. Duk abin da ka cusa tsakaninsu, abin da ke sama yake ɗagawa. Nisan tulun daga ƙasa kuwa, tsayin taya ne kaɗai ke yanke shi.

20/ Wato na sa an sayar da buhu 6 na ɗaga duk abin da bai taɓa ƙasa ba, na bar abu ɗayan da ke taɓawa. Daren Yaya ma tulun nan ne ya kama. Ni ke haska wurin da tocila, da hannuna na haƙe ƙasar da ke jikinsa, amma hankalina bai kai ba.

21/ Kar in yi mata ƙarya, akwai abin da ɗagawar ta ƙara. Gaban motar ya daina dukan gaɓar rafi, bayanta ya daina jan ƙasa. Ƙafar gaba ba sanda ɗaya ba ce, kowace taya da hannunta, tulun gaba a jikin shasi yake, shi ya hau. Sai dai matsalarmu ba a gaba take ba.

22/ Daga nan lalurori suka fara fitowa. Sandunan da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba an yi su ne su kwanta kusan miƙe. Yanzu sun karkata ƙasa. Robar da ke rufe gaɓarsu ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. In an karya kwana sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas.

23/ Boljoyin na sama ya kai ƙarshen lanƙwasarsa, wata huɗu ya fara wasa. Mai alaimen ya yi iya yinsa ya ce ba za ta saitu daidai ba. Tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefe ɗaya. A kan kwalta, in ka fita daga kwana sitiyari ba ya dawowa da kansa kamar da.

24/ Baya ma bai tsira ba. In an taka mai a tudu da kaya, sai bayan motar ya dinga kakkarwa. Bulon ya nesanta aksul da sifirin, ya ba shi ƙarfin murɗa shi, kamar yadda doguwar sifana ta fi gajera murɗa noti.

25/ Baffa ya ce a cire. Na ce a bari in dawo hutu in gyara. Gaskiyar magana ba na son a ce Injiniya ya kasa, bayan duk gari sun ga hoto. Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

26/ Nuwamba, kaka ta yi, na zo gida ƙarshen mako. Aka loda masara buhu 14. Irin motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, har da mutanen ciki. Amma haka kowa ke lodi a ƙauye, mu ma haka muke yi shekara da shekaru.

27/ Autanmu, ɗan shekara 13, da wasu yara biyu suka haye saman buhunan. Ni da Baffa muna gaba. Akwai wata gangara kafin rafi, zaizaya ta sa hanyar ta karkata hagu, a ƙasanta kuma kwana ce ta dama. Baffa ya bi wurin nan ya fi sau dubu.

28/ Ya sa ƙaramar giya, ya taka birki. Sai na ga ya ƙara dannawa. Motar ba ta riƙe yadda ya saba ba, gabanta ya dulmiya, tayoyin gaba suka ja a kan tsakuwa. Na ji ya ce, "Innalillahi." Muka shiga kwanar da gudun da bai fi na keke ba.

29/ Sai ta fara kwanciya, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Tayoyin dama suka bar ƙasa. Igiya ta tsinke, buhuna suka zube, zubewar tasu ce ta sa motar ta dawo ta dira. Yaran nan biyu suka yi tsalle. Auta bai samu ya yi ba.

30/ Buhu ya danne shi, ya karye a hannu da kafaɗa. Da na ɗaga buhun bai yi kuka ba, sai ya ce, "Yaya, don Allah kar ka faɗa wa Inna ni na nace zan hau." Ni kuwa a lokacin na san wanda ya fi buƙatar a rufa masa asiri.

31/ A asibiti Baba bai ce min komai ba. Da ma zagina ya yi. Sai da aka ɗaure hannun muka fito, ya ce, "Kai da ka yi karatun, je ka gano min abin da ya faru. Ba na son a ɗora wa ƙanina." Don har an fara raɗe-raɗi a gari wai tsufa ya kama Baffa.

32/ Na shiga ƙarƙashin motar da littafin gyaranta a waya. Abu biyu na gano. Na farko, akwai wani ɗan bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Sau nawa ina ganinsa, ban taɓa tambayar aikinsa ba.

33/ Aikinsa auna nauyi. In an yi lodi, bodi ya sauko kusa da aksul, sandar ta motsa bawul, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ba kaya sai ya rage, don kar tayoyin baya su ƙulle mota ta juya. A motocin da ba su da ABS aka fi samunsa, tamu kuwa ba ta da ABS.

34/ Ni kuma na nesanta bodi da aksul da inci 3. Da buhu 14 a kai, bawul na ganin kayan kaɗan ne. Birkin baya bai samu rabonsa ba, aikin ya koma kan na gaba. Ɗan ƙarfe ɗaya da zai ɗaga mahaɗin sandar da inci 3, shi ne maganin. Ban san da shi ba.

35/ Na biyun kuwa mun yi shi a aji, har na ci jarrabawarsa. Faɗin tsakanin taya da taya, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. In lambar ta yi ƙasa, mota ta fi saurin kifewa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ma na amfani da wannan awon.

36/ Misali kawai: faɗi mita 1.5, cibiyar nauyi da lodi tana mita 0.9, ka samu 0.83. Ka ɗaga ta da santimita 7, ta koma 0.77. A takarda ƙaramin bambanci ne. A gangarar da ta karkata, da birkin da ya ragu, da yara a saman kaya, ya isa ya ɗaga taya.

37/ Na tara Baba da Baffa da yayyena, na zana musu a ƙasa da tsinke. Na ce lodin ya yi yawa, gaskiya ne, amma da irinsa Baffa ya saba sauka lafiya. Abin da ya canza, ni na sa shi. Baffa ya ce, "Ni ma tun Yuni na ji birkin ya sauya. Da na ajiye makulli."

38/ Disamba muka cire bulon da zobban gaba ɗaya, muka canza boljoyin da robobi. A nan muka ga ashe sifirin na baya da ma sun gaji, sun kwanta. Aka sa wasu masu lafiya da ƙarin falle ɗaya, aka saita bawul. Bayanta ya hau da wajen inci ɗaya da rabi.

39/ Kenan wajen rabin tsayin da nake nema, tsayinta ne na asali da shekaru da lodi suka cinye. Kafin ka ce za ka ɗaga tsohuwar mota, auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, ka kwatanta da irinta mai lafiya. Wataƙila gyara take roƙo.

40/ Sai taya. Da 205R16 take, tsayinta wajen milimita 735. Muka nemi wili masu ɗan faɗi muka koma 245/75R16, wajen milimita 774. Rabin bambancin shi ne ribar, santimita 2 kacal. Amma santimita 2 ɗin nan a ƙarƙashin tulu suke, inda ake buƙatarsu.

41/ Ita ma ba kyauta ba ce. Taya ta ƙaru da wajen kashi 5 cikin 100, to in mita ta nuna 100 kana kusan 105. Jan motar ya ɗan ragu a tudu, shan mai ya ɗan ƙaru. Da ma babban amfanin ɗaga ƙafa shi ne samar wa doguwar taya wuri kar ta gogi bodi.

42/ Shi kuwa kwarin tsamiya, gayya ce ta kashe shi. Kafin ruwa ya sauka matasan gari suka fito da diga da shebur, kwana biyu, aka sare doron aka cike ramukan da duwatsu da marmara. Abin da aka kashe, shinkafa da wake ne na 'yan aiki. Bai kai buhu ɗaya na masara ba.

43/ Inda doro ya rage a hanya, Baffa ya koma dabararsa ta da: taya ɗaya a kan doron, ɗaya a gefen hanya, ba ya faɗa wa ramuka. Shebur, katako biyu, jak da igiya ba sa fita daga motar. Daminar 2025 ta wuce ba mu kwana a hanya ba.

44/ In dole sai ka ɗaga taka: fara leƙawa ka ga me ke taɓa ƙasa. Kar ka wuce inci 2. Sayi sifirin da shokazoba da aka yi don aikin, bar bulo. A duba tiyon birki ko ya yi gajarta, a saita bawul, a yi alaimen, a gyara saitin fitilu kar ka kashe wa mutane ido.

45/ Bayan haka ka sa a ranka motar ta canza hali. Rage gudu a kwana, rage tsayin lodi. A gidanmu yanzu Baba ya kafa doka, buhu 8 ne iyaka in da mutane a ciki, kuma ba mai hawa saman kaya ko ɗan sarki ne.

46/ Auta ya warke alhamdulillahi, sai dai in sanyi ya shigo kafaɗar na yi masa tsami. Duk abin da yake so a wurina, kafaɗar kawai zai dafa ya ɓata fuska. Ta haka ya karɓe min tsohuwar wayata da takalmin ƙwallo 😅 Ban taɓa yi masa musu ba.

47/ Bulon ƙarfen biyu suna nan a gida, Inna na tokare ƙyauren madafa da su. Mai tambaya ya ajiye, in na sani zan amsa, in ban sani ba zan kira Baffa. A tura wa duk wanda ya fara tanadin ɗaga mota. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.